Zan je Malesiya da iyali, wanda ya san ƙasar ya faɗa min gaskiya

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Malesiya. Ƙanena da ke karatu a can ya kammala, an sa bikin yaye su a watan Nuwamba, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni nake riƙe da shi, shi ya sa ya matsa lallai sai na zo. Na yanke zan tafi da uwargida mu yi sati biyu, in ya so in leƙa kasuwa ko da abin ɗaukowa, tunda harkar waya nake yi. Ban taɓa wuce Saudiyya da Dubai ba. Shi kuma yaron duk abin da na tambaye shi sai ya ce, “Yaya ba matsala, kai dai ka zo.” To ni “ba matsalar” nan ce take ba ni tsoro. Wanda ya zauna a can ya faɗa min daɗinta da ɗacinta.

Malamin Gombak:
Wa alaikumussalam Alhaji. Allah Ya sanya albarka a karatun yaro. Shekara biyar na yi a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur. Bari in fara, saura su cike.

Takardu tukuna. Ɗan Najeriya ba ya shiga sai da biza, kuma tun daga gida ake samunta, ofishin jakadancinsu na nan Abuja. Ka sa ƙanenka ya karɓo maka takardar gayyata daga makaranta, ka haɗa da tikitin dawowa da shaidar masauki. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa kada ka kuskura ka bar shi a gida, naka da na Hajiya. Akwai kuma wani fom na intanet, MDAC, da ake cikewa cikin kwana uku kafin sauka. Kyauta ne, duk shafin da ya ce ka biya na 'yan damfara ne.

Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a Doha ko Addis Ababa ko Istanbul, kuma daga Doha kaɗai wajen awa bakwai da rabi ne a sama. Suna gabanmu da awa bakwai: ana kiran Magariba a Kano, su ƙarfe ɗaya da rabi na dare suke. Kwana biyun farko gyangyaɗi da rana, ido biyu da dare.

Abin da ya fara rikita ni kuwa alƙibla ce. Da yamma na sauka. Na ga inda rana ke faɗuwa ta tagar ɗaki, sai na juya mata baya kamar yadda muka saba, na tayar da Magariba abina. Sai da na sallame na ɗaga kai, na ga wata 'yar koriyar kibiya manne a silin an rubuta Kiblat, tana nuna ƙeyata. Ashe mun wuce Makka, mun baro ta a baya. A can yamma ake kallo, da ɗan karkatawa arewa. Mu da ko a baki “gabas” muke ce wa alƙibla, sai ka ji abin banbaraƙwai. Kusan kowane ɗakin otal akwai kibiyar nan, a silin ko cikin durowa, ka neme ta kafin ka shimfiɗa darduma. Lokutan ma sun ja baya a agogo: rana ba ta fitowa sai wajen bakwai, Azahar wajen ɗaya ko bayanta, Magariba bakwai zuwa bakwai da rabi.

Ɗan Kwari:
Wato Malam, salla ka yi ka ba Ka'aba baya 😂

Malamin Gombak:
Na rama ta a take, Ɗan Kwari, kada ka kai ni gaban malamai.

Maman Haidar:
Baban Ummi, ni saƙona na Hajiya ne, ka miƙa mata wayar. Shekara uku na zauna a Serdang lokacin da maigida ke karatu.

Yaya, ta wajen sutura da salla ki kwantar da hankalinki. Ba wanda zai kalli hijabinki sau biyu, yawancin matan Malay da lulluɓinsu suke, tudung suke ce masa. Duk inda kika shiga, kanti ne, tashar mota ce, wajen hutawa ne a kan babbar hanya, akwai ɗakin salla, surau, ɓangaren mata daban da wajen alwalarsa, har da hijaban salla na aro a rataye. A jirgin ƙasa akwai taragon mata zalla, an yi masa alama da ruwan hoda. Amma manyan lesuna da shadda mai sitaci ki bar su a gida, kala ɗaya na ranar biki ya isa. Zafinsu ba irin namu ba ne mai ƙona fata, gumi ne, kina fitowa daga wanka kina jiƙewa. Ki ɗauki atamfa marar nauyi da dogayen riguna da lema, don ruwa kan ɓarke da la'asar ba sallama, da tsawa mai tsinka zuciya, bayan awa guda kuma kamar ba a yi ba.

Abinci shinkafa ce safe, rana, dare. Karin kumallonsu nasi lemak: shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a ƙunshe a ganyen ayaba, da jan yajin da suke kira sambal, da soyayyun ƙananan kifi, da gyaɗa, da rabin ƙwai, da yankan kokwamba. Ranar farko na ce wa maigida wannan ai abincin rana ne. Ban cika wata uku ba na zama ni ke tashinsa ya je ya sayo. Abin da ban taɓa sabawa da shi ba sukari ne. Miya da sukari, yaji da sukari, shayi kuwa kamar an narkar da alewa. Ki haddace kalma biyu, kurang manis, wato a rage zaƙi. In Alhaji na da ciwon suga ya riƙe su kamar lambar wayarsa.

Ku je Kajang ku ci satay. Tsire ne sak, a tsinke, a kan gawayi, sai dai maimakon garin ƙuli a miyar gyaɗa ake tsoma shi. Ita ma da sukari.

Baban Ummi:
Ta karanta, ta ce a gaishe ki, ta kuma ce leshi uku za ta ɗauka ba ɗaya ba. Malam, batun halal fa? Na ji akwai 'yan Chana da yawa a ƙasar.

Malamin Gombak:
Akwai su, kuma 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba. Mutanen ƙasar sun haura miliyan 30, Musulmi wajen kashi 63 cikin ɗari a ƙidayar 2020. Sinawa sun ɗara kashi 20, Indiyawa wajen kashi 7, yawancinsu kakanninsu ne suka zo zamanin Turawan Ingila, Sinawa haƙar kuza, Indiyawa gonakin roba. Ita kanta Kuala Lumpur zangon masu haƙar kuza ce asalinta, kamar yadda Jos ta faro, kuma sunan nata ma'anarsa mahaɗar kogi mai laka. In ka je Masjid Jamek, wanda aka gina a 1909, za ka tsaya daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu.

Saboda haka ba kowane gidan abinci ake faɗawa ba. Ka duba tambarin halal na JAKIM, hukumarsu ta harkokin Musulunci, a ƙofa, ko ka duba su wa ke ci a ciki. Kalmar babi alade ke nan. Mafi sauƙi ka nemi shagon mamak, na Indiyawa Musulmi, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Ka ce a ba ka roti canai, wata soyayyiyar gurasa mai laushi, da teh tarik, shayin madara da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Kana ganin yadda yake ɗaga hannu za ka tuna mai shayin bakin layinku.

Ɗan Kwari:
Alhaji tunda waya kake sayarwa bari in rage maka hanya, sau huɗu na je. Ka shiga Low Yat Plaza a Bukit Bintang ka ba idonka abinci, bene ne guda na waya da kwamfuta tun daga ƙasa har sama. Amma in sari kake nufi, wanda ya saba da Dubai ko Guangzhou ba zai ga riba ba, su ma kawo musu ake yi. Kayan da na ga sun amsa sunansu na mata ne: mayafai, hijabai, yadi, a titin Tuanku Abdul Rahman da Masjid India, sai kasuwar sari ta Nilai 3. Hajiya ce za ta ci kasuwa, kai riƙon jaka za ka yi.

Kuɗinsu ringgit. Ka tafi da dala a hannu, sababbi, ka canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari. In ta haura dala 10,000 sai ka bayyana. Filin jirgin yana Sepang, fiye da kilomita 50 daga gari, akwai jirgin ƙasa mai kai mutum babbar tashar KL Sentral cikin kusan rabin awa, amma da kaya da iyali ka sauke manhajar Grab ka kira mota, farashi a rubuce, ba ciniki ba rigima. Hannun hagu suke tuƙi, sitiyari a dama. Ni ranar farko ƙofar direba na buɗe zan zauna, mutumin ya miƙo min makulli yana dariya. Wajen tsallaka titi ka fara duban dama. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Otal kuma zai caje ka ringgit 10 kowane dare harajin baƙi, kada ka ɗauka cuta ce.

Injiniyan Zariya:
Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, ƙasar nan da kuke ta yabo, wurinmu fa suka zo suka karɓi irin kwakwar manja a shekarun 1960. Yau ga su, ga mu.

Manomin Samaru:
Injiniya, maganar nan ta daɗe tana yawo, har manya na faɗinta a taro, amma ba haka aka yi ba. Asalin bishiyar ta Afirka ta Yamma ce, wannan gaskiya ne. Sai dai tun 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java, kuma daga zuriyarsu ta bazu a yankin. Gonar kasuwanci ta farko a Malaya, wato yammacin Malesiya ta yau, a 1917 aka kafa ta, a Tennamaram cikin jihar Selangor, aikin wani Bafaranshe Henri Fauconnier. Shekara uku ke nan bayan haɗe Kudu da Arewa.

Inda maganarka ke da ƙamshin gaskiya, a 1973 masu bincikensu sun zo sun tattara iri a kudancin Najeriya tare da NIFOR, cibiyarmu ta binciken kwakwar manja da ke Benin, don inganta nasu. A 1981 kuma suka ɗauko wani ɗan mitsitsin ƙwaro daga Kamaru da ke yi wa furen barbara, aikin da kafin nan da hannu leburori ke yi. Ba da iri suka fi mu ba. Hukumar FELDA da suka kafa a 1956 ta riƙa share daji tana ba talakan da ba shi da gona fili da gida bashi, ya biya a hankali daga amfanin. Yau su ne na biyu a duniya wajen samar da manja, bayan Indonesiya. Alhaji, jirgi na saukowa ka leƙa taga, za ka ga bishiyoyin layi-layi kamar an ja su da rula har inda ido ya ƙare.

Injiniyan Zariya:
To ai ƙara min takaici ka yi. Shekara uku kacal suka riga mu samun 'yanci, su 1957 mu 1960. Shugabanni suka samu kawai. Mahathir ya yi shekara 22 ya miƙe ƙasa.

Tsohon Ɗalibi:
Su ma suna da ɓarayinsu, Injiniya. Ka manta badaƙalar 1MDB, asusun gwamnatinsu da aka wawure? Tsohon firaministansu Najib Razak a 2022 ya shiga gidan yari.

Injiniyan Zariya:
Ai ka faɗa da bakinka. Ya shiga.

Ɗan Kwari:
Ni sarautarsu ce ke burge ni. Sarakuna tara, karɓa-karɓa suke yi, kowa ya yi shekara biyar a matsayin sarkin ƙasa ya koma gida. A Janairun 2024 Sultan Ibrahim na Johor ya karɓa, ba kotu ba 'yan daba. Ban dai ce komai ba.

Shugaban Zaure:
Ɗan Kwari, na ga inda ka dosa. A dawo kan tafiyar Alhaji don Allah.

Tsohon Ɗalibi:
To tunda an dawo, ni zan faɗi ɗacin da Alhaji ya tambaya, don na ga kowa zuma yake zubawa.

Shekara huɗu na yi. Lokacin da na fita daga ɗakin makaranta ina neman haya, sati shida na yi ina yawo. A waya komai lafiya, a faɗa maka kuɗi, a ce ka zo ka gani. Sai a ƙarshe a ce, af, daga wace ƙasa kake? Kana cewa Najeriya sai ka ji shiru, sai a ce an riga an bayar. Wasu ma ba sa wahalar da kai, a tallar suke rubutawa ɓaro-ɓaro ba a ba ɗan Afirka. Wata rana na je har ƙofar gida, matar ta leƙo ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ta gan ni, ta mayar ta rufe, ko sallamata ba ta amsa ba, alhali da lulluɓinta. Akwai sunan da suke kiranmu da shi, awang hitam, har a jaridu an sha rubuta shi. A jirgin ƙasa kujerar kusa da kai ita ce ta ƙarshe da za a zauna.

Sai samame. Jami'ai kan tare baƙar fata su ce fasfo. Kwafi ba ya wadatar da wasunsu. A 2019 wani ɗan Najeriya mai karatun digirin digirgir ya rasu a tsare bayan an kwashe shi a irin wannan samame, alhali takardar zamansa ta ɗalibi na nan daidai. Saboda haka Alhaji, fasfonka da na Hajiya a jikinku ko da shago za ku je. Ku ɗauki takardar aurenku ma, don Musulmi a can ana kama su kan keɓewa da wanda ba muharrami ba, har otal ake shiga. Kwanakin da aka buga maka kada ka ƙara ko ɗaya, wuce wa'adi na iya kai mutum tarar ringgit 10,000 ko ɗauri.

Ban ce banza suka tsane mu ba. Namu sun ɓata rawarsu da tsalle: a shigo da bizar karatu ta wata kwalejin da suna kawai gare ta, a zauna ana damfarar mata da sunan soyayya, ana safarar ƙwaya. Amma wanda bai ji ba bai gani ba shi ke biya. Kuma don Allah kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko ɗan uwanka ne sai ka buɗe ka gani. A dokarsu wanda aka kama da wiwi giram 200 ko hiroyin giram 15 mai safara ne sai in ya wanke kansa. A 2023 sun cire tilascin hukuncin kisa, amma alƙali na da ikon yanke shi har yanzu, in ya sassauta kuma ɗaurin shekara 30 zuwa 40 ne da bulala.

Malamin Gombak:
Ban musa ko ɗaya ba, ƙanena, ni ma an rufe min waya kan haya. Amma ba ita ke nan ba. Azumina na farko, ina tsaye a kasuwar buɗa baki ina lissafin canjina, wani dattijo ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya ce Musulmi? Na ce alhamdulillah. Ya biya abin da na ɗauka, ya ƙara min, ranar Salla kuma ya zo da mota ya kai ni ƙauyensu, aka ba ni goron Salla a koriyar ambulan kamar sauran jikokinsa. Abin da na lura, in ka sa kaftani da hula ka yi sallama, fuska takan sake. Alhaji ka sa kayanka na gida.

Tsohon Ɗalibi:
Wato hular ake girmamawa ke nan, Malam. Abokin ɗakina Kirista ne daga Kafanchan, yaron kirki, shi wace hula zai sa? Kuma wanda ya rungume ka a sahu ranar Juma'a, je ka nemi hayar gidansa ranar Asabar ka gani.

Maman Haidar:
Ku biyun duka gaskiya kuka faɗa. Ni an taɓa ƙanƙame jaka a lif don na shigo, da goyo a bayana fa. Na koma gida na yi kuka. Amma a benen nan dai na haifi Haidar, ba uwa ba dangi, wata tsohuwa maƙwabciyata, Makcik nake ce mata, ita ta riƙe ni. Ashe su ma suna jego, pantang suke ce masa, kwana 44, da wankan ganye, da gasa ciki da dutse mai zafi, da ɗaure ciki da dogon ƙyalle, da hana shan ruwan sanyi. Ta zo da dutsenta a naɗe ta ce in kwanta. Na ce ikon Allah, na tsere wa ruwan zafin Gwaggo na faɗo hannun dutse. Ba ta jin Turanci, ba na jin Malay, haka muka yi arba'in.

Baban Ummi, ku da za ku yi sati biyu a otal ba lallai ku ga abin da ƙanenmu ya faɗa da yawa ba. Mai zama shi ke gani. Amma ka tambayi ƙanenka a keɓe, zai ba ka labarin da “ba matsala” ta rufe.

Autan Mama:
Yayyena ku yi haƙuri in shigo. Wani ejan ya ce in kawo kuɗi zai samo min bizar karatu, in na je in kama aiki in biya makaranta da kaina. Har Mama ta fara maganar sayar da fili.

Tsohon Ɗalibi:
Ka hana ta tun da wuri. Ɗalibi baƙo awa 20 a sati aka yarje masa, shi ma lokacin hutu kawai, a wurare ƙalilan irin gidan abinci da gidan mai da otal, kuma sai da izini. Ba ya biyan haya balle makaranta. In karatu kake so, ka nemi jami'ar da kanka a shafinta, ita za ta tura takardunka hukumar EMGS mai kula da bizar ɗalibai baƙi, ka riƙa bibiya da lambar fasfonka har takardar amincewa ta fito. Ba ka buƙatar ejan. Na san waɗanda suka bi irin wannan hanya, yau shekara nawa ba biza, ba kuɗin dawowa, ba sa fita sai dare.

Autan Mama:
Na gode Yaya. Zan nuna mata.

Badamagare:
Salamu alaikum, daga Damagaram nake bin ku. Mu 'yan Nijar fa? Kuma ni Faransanci na iya, Turancina na kasuwa ne.

Malamin Gombak:
Ku ma sai da biza, haka 'yan Gana da Kamaru. Faransanci ba zai yi maka aiki ba, amma Turancin kasuwa ya isa a birane, su ma nasu a karye yake, kowace magana sai sun liƙa mata “lah”. Kuma in ka yi allo ka riga ka san rabin hanya. Ranakunsu Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Gaisuwarsu apa khabar, kalmar nan ce da ta zama “labari” a bakinmu. Suna da ajaminsu, Jawi, za ka gan shi a takardar kuɗi da allunan titi a wasu jihohi, ka tsaya ka haɗa baƙi ka karanta. Na gode terima kasih, nawa ne berapa, ban ɗaki tandas. Dattijo Pakcik, dattijuwa Makcik, sa'anka Abang. Ba a nuna mutum da manuniya, da babban yatsa ake yi. Takalmi a bakin ƙofa.

A masallaci kuma Shafi'iyya ne. Liman zai karanta bisimilla a bayyane, kullum da Asuba a yi alƙunutu da ƙarfi bayan ruku'u, hannu a sama. Mai sakin hannu za a ɗan kalle shi. Ni an taɓa tambayata ko hannuna ne ke ciwo, na ce Malikiyya ce, mutumin ya ce ai ya karanta a littafi, yau ya gani da ido.

Baban Ummi:
Allah Ya saka wa kowa. Jikina ya ɗan yi sanyi amma gara haka. To bayan bikin, ina da ina za mu je?

Maman Haidar:
Tunda Nuwamba ce ku manta da tsibiran gabas, su Perhentian da Redang, damina ce mai iska daga Nuwamba har wajen Maris, masaukai da yawa rufewa suke. Ku tsaya ɓangaren yamma.

Kuala Lumpur kwana huɗu ya isa. Tagwayen benayen Petronas, hawa 88, mita 452, su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, ku sayi tikitin hawa tun da wuri. Yanzu ma hasumiyar Merdeka 118 ta shafe su, Burj Khalifa ce kaɗai ta fi ta. Ni dai inda na fi so gidan tarihin fasahar Musulunci ne kusa da Masjid Negara, akwai tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, yini guda na yi ban gama ba. Ku yi Magariba ɗaya a masallacin Putra na Putrajaya, mai ruwan hoda a bakin tafki.

Sai ku hau bas daga tashar TBS zuwa Melaka, awa biyu. Nan ne tsohuwar daular Musuluncinsu kafin Turawan Fotugal su ci ta a 1511, Holan su karɓe a 1641, Ingila ta biyo baya, kowa ya bar gininsa. In gumi ya ishe ku, ku hau Cameron Highlands, gonakin shayi a kan duwatsu, sanyi kamar Jos a Disamba. Ku rufe da Penang, jirgin ƙasa awa huɗu da wani abu zuwa Butterworth, ku tsallaka George Town ku ci nasi kandar, shinkafa da miya iri-iri. Sabah da Sarawak kuwa suna can tsibirin Borneo, teku ya raba, sai an sake hawa jirgi an sake buga fasfo, ku bar su sai wani zuwan. Ku riƙa shafa maganin sauro da rana, sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo.

Ɗan Kwari:
Kin manta Batu Caves, matakala 272.

Maman Haidar:
Ban manta ba. Wajen bautar Hindu ne, da ƙaton gunki a ƙofa. Wanda ya ga zai iya ya je. Ni birai suka ƙwace min leda na haƙura tun daga ƙasa.

Ɗan Kwari:
To Alhaji saura durian. Sarkin 'ya'yan itace suke ce masa, jikinsa ƙaya, warinsa kamar an haɗa daddawa da ruɓaɓɓiyar albasa da gas ɗin girki. Otal-otal har alama suke sawa an hana shiga da shi. Cikinsa kuwa kamar madara da zuma. Ka ci sa'a kakarsa ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta, amma ƙanenka zai nemo maka, na san halin ɗalibai.

Baban Ummi:
Zan gwada in Hajiya ta fara. Tambaya ta ƙarshe: yaron ya ce in taho masa da kilishi.

Tsohon Ɗalibi:
Nama da danginsa sai da izini ake shiga da su, ana iya karɓewa. Nawa a gabana aka jefa shi a kwando, rabin jaka, har yau ban huce ba. Ka kai masa yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, a ɗaure da kyau, in an tambaya ka nuna.

Manomin Samaru:
Alhaji wace rana za ku tashi? Akwai ɗan yayata a Sintok, can jihar Kedah, wata shida yana roƙon garin kunu.

Baban Ummi:
Malam, ba yanzu aka ce kada in karɓi saƙon kowa ba?

Manomin Samaru:
Zan kawo gero shagonka ka kai inji da kanka.